Wasiƙar da Ba a Nema Ba: Tarihin Talla ta Imel

Talla ta imel, wato aika saƙon ciniki kai tsaye zuwa akwatin saƙon mutum ta intanet, sana'a ce da ba ta cika shekara hamsin da haihuwa ba, amma a wannan ɗan lokaci ta tara shari'o'i da dokoki da tarar kuɗi fiye da sana'o'i da dama da suka girme ta. Abin da ya bambanta ta da sauran hanyoyin tallata haja shi ne cewa mai aikawa ba ya kashe wani abin kirki idan ya ƙara mutum ɗaya, ko mutum dubu, a cikin jerin waɗanda zai aika wa, alhali kowane ɗaya daga cikinsu sai ya ba da lokacinsa da hankalinsa kafin ya rabu da saƙon. Nauyin da ɗan kasuwa ya saba ɗauka ya koma wuyan mai karɓa ke nan, kuma galibin kurakuran da ake gargaɗin kamfanoni a kansu a yau, kama daga sayen jerin adireshi har zuwa ɓoye hanyar cire suna, daga wannan sauyin suka samo asali.

Kafin zuwan kwamfuta, gidan waya ne ke ɗaukar irin wannan talla. A shekarar 1872 Aaron Montgomery Ward ya fara aika wa manoman karkarar Amurka takarda guda daga Chicago mai ɗauke da sunayen kaya 163 da farashinsu, daga baya takardar ta zama kundin haja mai ɗaruruwan shafuka, kamfanin Sears kuma ya bi sahu. Wannan ciniki yana da linzami a cikinsa, domin kowace wasiƙa tana cin kuɗin takarda da na ɗab'i da na kan sarki, saboda haka ɗan kasuwa yakan zauna ya tace jerin sunayensa, ya cire wanda ya ƙaura da wanda ya daɗe bai sayi komai ba, tun da aika wa wanda ba ya so asara ce da ake gani a littafin lissafi. Duk da haka, ko a wancan zamani an ga alamar abin da ke tafe. A shekarar 1864 wasu likitocin haƙori na birnin Landan, masu suna Gabriel, sun aika wa 'yan siyasar Ingila saƙon tangaraho suna sanar da su lokutan buɗe shagonsu, kuma da yake an san tangaraho da labarin gaggawa, ɗaya daga cikin waɗanda saƙon ya isa gare su ya rubuta ƙorafi a jaridar The Times yana tambayar da wane haƙƙi mutanen da bai taɓa hulɗa da su ba suka dame shi. Tambayar nan tasa ita ce dokoki suka dawo suna ƙoƙarin amsawa bayan shekara ɗari da arba'in.

Imel kansa an haife shi ne a 1971, lokacin da injiniya Ray Tomlinson na kamfanin BBN ya samo hanyar aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a kan ARPANET, wato hanyar sadarwar da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta domin jami'o'i da cibiyoyin bincike, kuma shi ne ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan kwamfutar da yake amfani da ita. Masu amfani da hanyar 'yan dubbai ne kawai, yawancinsu sun san juna, kuma ƙa'idar gwamnati ta hana yin kasuwanci a kanta. A farkon watan Mayu na 1978 wani jami'in talla na kamfanin Digital Equipment Corporation mai suna Gary Thuerk ya ɗauki littafin adireshin ARPANET, wanda a takarda aka buga shi, ya zaɓo mutum kusan 400 da ke yammacin Amurka, ya sa aka aika musu da gayyata zuwa baje kolin sababbin kwamfutocin DECSYSTEM-20 da za a yi a Los Angeles da San Mateo a jihar Kalifoniya.

Ya kamata a dubi wannan saƙo da kyau, domin kusan duk aibin da sana'ar za ta yi fama da shi daga baya yana cikinsa tun ranar farko. Babu wanda aka nemi izininsa. An rubuta saƙon dukansa da manyan baƙaƙe, salon da masu karatu ke ɗauka a matsayin ɗaga murya. An shigar da adireshin ɗaya bayan ɗaya da hannu, kuma da yake manhajar aikawa ba ta iya ɗaukar fiye da adireshi 320 a gurbin masu karɓa ba, ragowar suka malalo cikin jikin wasiƙar, har mai karatu sai ya wuce layuka masu yawa na adireshin mutane kafin ya kai ga abin da ake tallatawa, waɗanda adireshinsu ya malalo kuma ba su sami saƙon ba sai da aka sake aikawa. Ƙorafi ya biyo baya nan take, hukumar sadarwar sojan Amurka da ke kula da hanyar ta tsawata, ta ce an keta ƙa'ida a fili. Thuerk kuwa ya riƙa faɗa a shekarun baya cewa saƙon ya jawo cinikin kimanin dala miliyan 13, kuma wannan adadi ne 'yan kasuwa suka fi riƙewa daga labarin, suka manta da fushin ɗaruruwan mutanen da ba su sayi komai ba. Lissafin da ke ƙirga wanda ya saya ya bar wanda aka ɓata wa rai shi ne tushen ɓarnar da ta biyo baya.

Tsawatarwar ta yi tasiri na tsawon shekaru, har zuwa lokacin da aka buɗe intanet ga jama'a da 'yan kasuwa a farkon shekarun 1990. Ranar 12 ga Afrilu, 1994, wasu lauyoyi biyu, mata da miji, Laurence Canter da Martha Siegel na birnin Phoenix a jihar Arizona, suka yi amfani da wata 'yar manhaja suka watsa talla ɗaya a zaurukan tattaunawa fiye da 5,000 na Usenet, suna neman a biya su kuɗi su cika wa baƙi takardar shiga cacar izinin zama a Amurka, takardar da kowa ke iya aikawa da kansa kyauta. Kamfanin da ke ba su intanet ya rufe asusunsu bayan saƙonnin fushi sun toshe kwamfutocinsa, su kuwa suka rubuta littafi suna koya wa wasu dabarar. A wannan zamani ne kalmar spam ta kafu a matsayin sunan saƙon da aka watsa wa jama'a ba tare da sun nema ba. Asalinta sunan wani naman gwangwani ne da kamfanin Hormel ya fara sayarwa a 1937, sai wani wasan barkwanci na ƙungiyar Monty Python a talabijin ɗin Ingila a 1970 ya nuna gidan abincin da ake ta maimaita sunan naman har ya danne kowace magana, daga nan sunan ya bi duk saƙon da ke cika wuri ya hana a ji wani abu.

Da aka ƙaddamar da Hotmail a watan Yulin 1996, Yahoo kuma ya fito da nasa a 1997, miliyoyin mutane suka mallaki adireshin imel kyauta, adireshin kansa ya zama haja. Aka ƙirƙiro manhajoji masu yawo a shafukan intanet suna tsintar duk abin da ke ɗauke da alamar @, aka riƙa sayar da faifai masu ɗauke da miliyoyin adireshi a farashi ƙalilan, kuma ba 'yan damfara kaɗai ke saya ba, har da kamfanoni masu mutunci da suka ɗauka jerin suna dukiya ce da ake saye kamar shago. Sanford Wallace, mai kamfanin Cyber Promotions, ya yi ƙaurin suna a wannan harka har kamfanonin AOL da CompuServe suka kai shi kotu, kuma a 1997 wata kotun tarayya ta yanke cewa cunkusa wa kwamfutocin CompuServe saƙonnin da bai yarda da su ba shiga dukiyar wani ne ba da izini ba. Injiniyoyi ma suka tashi da nasu makamin. Paul Vixie ya fara tattara jerin kwamfutocin da ke watsa irin wannan saƙo domin masu rarraba imel su ƙi karɓa daga gare su, Steve Linford kuma ya kafa ƙungiyar Spamhaus a 1998 don wannan aiki. Masu tsaron sun kuma ɗana abin da ake kira adireshin tarko, wato adireshin da ba na kowa ba ne kuma bai taɓa neman a aiko masa da komai ba, saboda haka duk wanda saƙonsa ya faɗa ciki ya tona wa kansa asiri cewa tsintar jerinsa ya yi ko sayensa. Tun daga lokacin, kamfanin da ya sayi jeri yana iya wayar gari an toshe duk wasiƙunsa, har da rasit da amsar da abokan cinikinsa na gaskiya ke jira.

Daga cikin 'yan talla kansu aka sami wanda ya tsara wata hanya dabam. A 1999 Seth Godin ya wallafa littafinsa Permission Marketing, inda ya kafa hujja cewa hankalin mutum abu ne mai tsada da ba a ƙwata, sai dai a roƙa a ba da shi, kuma saƙon da mutum yake tsammani ya fi wanda ya faɗo masa daraja nesa ba kusa ba. A aikace ana ganin wannan ra'ayi a tsarin tabbatarwa sau biyu, inda mutum zai rubuta adireshinsa, a aiko masa da saƙon farko, ya danna alamar amincewa kafin a sa shi a jeri, ta yadda ba mai iya shigar da sunan wani kuma kuskuren rubutu ba ya jefa baƙo cikin jerin. Kamfanonin da suka kafu don aika wa 'yan kasuwa saƙonninsu, irin su Mailchimp da aka kafa a Atlanta a 2001, sun hana amfani da jerin saye, domin abokin hulɗa ɗaya mai ƙazamin jeri yana iya shafa wa dukkan masu aikawa ta kwamfutocinsu kashin kaji. A 2002 kuma Paul Graham ya yaɗa dabarar rariyar da ke koyo daga lissafin kalmomi, wadda ke duba saƙonnin da mutum ya yar da waɗanda ya ajiye, sannan ta auna kowane sabon saƙo da su, abin da ya sa manyan baƙaƙe da alkawuran garaɓasa da jerin alamun motsin rai suka zama tikitin shiga kwandon shara.

Dokoki sun zo ne a makare, kuma sun rabu gida biyu. Tarayyar Turai a 2002 ta zaɓi tsarin neman izini tukuna, wanda Birtaniya ta mayar doka a 2003, inda ba a aika wa mutum talla sai ya yarda, in ban da wanda ya riga ya yi ciniki da kamfanin kuma aka ba shi damar ƙi. Amurka kuwa ta ɗauki tsarin aikawa har sai an ce a daina, a dokar CAN-SPAM da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Disambar 2003, wadda ta haramta ɓoye sunan mai aikawa da sa taken yaudara, ta wajabta rubuta adireshin ofis na zahiri, ta kuma ba kamfani kwanakin aiki 10 ya cire duk wanda ya nemi a cire shi. Masu suka sun ce dokar halatta abin ta yi maimakon hana shi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancensu, tun da ta bar wa mai karɓa wahalar korar kowane kamfani ɗaya bayan ɗaya. Kanada ta bi hanyar Turai da tsanani a 2014, da tarar da ke iya kaiwa dalar Kanada miliyan 10 ga kamfani. A watan Janairun 2004 Bill Gates ya faɗa a taron Davos cewa za a magance matsalar cikin shekara biyu, amma zuwa ƙarshen shekarun 2000 fiye da kashi 80 cikin ɗari na imel ɗin duniya tarkace ne, mafi yawansa daga rundunonin kwamfutocin jama'a da ɓarayin intanet suka kame ba da sanin masu su ba.

Wannan ɓangare na masu laifi, wanda ya haɗa da wasiƙun zambar da duniya ta laƙaba wa lambar 419 daga sashen dokar laifuka ta Nijeriya, tarihi ne mai zaman kansa. Abin da ya fi amfani ga ɗan kasuwa shi ne tuntuɓen kamfanoni halastattu, waɗanda ba su yi niyyar cutar kowa ba amma na'urar da ke hannunsu ta ninka ƙaramin ganganci sau miliyan. Ranar 28 ga Disamba, 2011, jaridar New York Times ta shirya saƙo ga mutum kusan 300 da suka daina karɓar jaridar a gida, tana roƙonsu su dawo a rabin farashi, sai saƙon ya tafi ga mutum fiye da miliyan 8, da farko ma jaridar ta sanar cewa ba daga gare ta ya fito ba kafin ta gano nata ne ta nemi afuwa. A 2014 kamfanin hotuna na Shutterfly ya aika da barkar haihuwa ga ɗimbin mutanen da ba su haihu ba, cikinsu har da matan da suka yi ɓari da waɗanda suka daɗe suna neman haihuwa, kuma babu wata takardar ban haƙuri da ke iya goge abin da irin wannan mace ta ji a safiyar da ta buɗe wayarta. A 2017 kamfanin Adidas ya aika wa waɗanda suka kammala gudun famfalaƙi na Boston saƙo mai taken taya su murnar tsira da rai daga gasar, shekara huɗu kacal bayan bam ya kashe mutum uku a wurin ƙare wannan gudu. A dukkan ukun, mutum ɗaya mai natsuwa da zai duba jerin ko ya karanta taken kafin a danna maɓallin aikawa ya isa ya hana abin.

Kuskuren Thuerk na bayyana adireshin mutane ma bai mutu ba, kuma ya taɓa yin illa mai tsanani. A 2015 wani asibitin Landan da ke kan titin Dean ya aika da wasiƙar labarai ga mutum kusan 780 masu hulɗa da sashensa na cutar ƙanjamau, aka zuba adireshinsu a gurbin da kowa ke gani maimakon gurbin kwafin ɓoye, wanda ke aika wa kowa ba tare da ya ga sauran ba, sai kowane mai karɓa ya ga sunayen 'yan uwansa. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar hukumar asibitin fam 180,000 a shekarar da ta biyo.

A watan Maris na 2017 wannan hukuma ta yanke hukunci biyu da suka fayyace ma'anar izini. Kamfanin jiragen sama na Flybe ya aika da saƙo fiye da miliyan 3.3 ga mutanen da suka riga suka ce ba sa son tallansa, yana tambayarsu ko bayanansu daidai suke, tare da kwaɗaita musu shiga gasar kyauta idan suka sabunta zaɓinsu, aka ci shi tarar fam 70,000. Reshen Turai na Honda ya aika da saƙo 289,790 ga mutanen da ba shi da shaidar sun taɓa yarda, yana neman su bayyana matsayinsu, shi ma aka ci shi fam 13,000. Matsayin hukumar shi ne cewa saƙon da ke tambayar mutum ko yana son talla shi ma talla ne, saboda haka ba a aika shi ga wanda ya riga ya ƙi, kuma garin neman ƙiba kamfanonin biyu suka samo rama. Da dokar kare bayanai ta Turai, GDPR, ta kusa fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, akwatunan jama'a suka cika da roƙon a sabunta izini, abin da ya nuna yawan kamfanonin da suka shekara suna aika saƙo ba tare da sun ajiye shaidar ranar da mutum ya yarda da abin da ya yarda da shi ba. Wani abin yabo ya fito daga wannan zamani, domin a 2019 kamfanin furanni na Bloom & Wild ya tambayi abokan cinikinsa ko akwai wanda ba ya son a tuna masa da ranar iyaye mata, saboda waɗanda suka rasa mahaifiya, kamfanoni da yawa kuma suka kwaikwaya.

Awon nasara ma ya yaudari sana'ar shekaru masu yawa. Ana dasa wani ɗan hoto mai girman ɗigo ɗaya, wanda ido ba ya gani, a cikin saƙo, idan an buɗe saƙon sai hoton ya sauko daga kwamfutar kamfani, kamfanin ya rubuta cewa an karanta. Dogaro da wannan adadi ya sa aka riƙa ƙaga take mai tayar da hankali don kawai a buɗe, ko da mai buɗewa zai rufe cikin haushi. A 2013 Gmail ya ware tallace-tallace a wani sashe nasu dabam, a 2021 kuma Apple ya sa manhajarsa ta riƙa sauko da hotunan tun kafin mai waya ya duba, adadin buɗewa ya kumbura ya daina nuna komai tabbatacce, dole kamfanoni suka koma ƙirga wanda ya danna, wanda ya saya da wanda ya fice.

A Nijeriya, inda wayar hannu ta riga imel shiga hannun yawancin jama'a tun zuwan layukan salula a 2001, an ga irin wannan tarihi a saƙon tes, har hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442 a 2016 don mai layi ya dakatar da tallan da bai nema ba, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta ba kowa haƙƙin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla kai tsaye.

Wani mataki kuma daga masu riƙe da akwatunan saƙo ya fito. Daga watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka gindaya wa masu aika saƙo da yawa sharuɗɗa, inda Google ya ƙayyade su da masu aika kimanin saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail. Wajibi ne su tabbatar da asalin saƙonsu ta hanyoyin SPF da DKIM da DMARC, waɗanda a taƙaice hatimi ne da ke shaida cewa wasiƙar daga gidan da ta ambata ta fito kuma ba a sauya ta a hanya ba, su ba mai karɓa damar cire sunansa da dannawa ɗaya su kuma aiwatar cikin kwana 2, sannan kada ƙorafin masu karɓa ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Kwanakin aiki 10 na dokar 2003 sun koma kwana 2, kuma ba majalisa ce ta rage su ba, kamfanoni biyu ne masu zaman kansu, abin da ya cancanci a sa masa ido tun da hukuncinsu yana aiki ba tare da alƙali ba. Ga ɗan kasuwar da ya aika saƙo 100,000, ma'anar adadin ita ce idan mutum 300 suka danna alamar cewa tarkace ne, sauran 99,700 na iya daina ganin wasiƙunsa a akwatinsu, har da waɗanda suka rubuta adireshinsu da hannunsu suna jiran labarin sabon kaya.